Anya ba mu 'yan kasuwar Legas ne ke kashe irin gida ba?

Dillalin_Iddo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Magana ce mai ɗaci, kuma da kaina zan fara. Shekarata 22 ina sauke hatsi a Iddo. Makon jiya iyalina ta sauka, Hajiyarmu ta zo daga gida wankan jego. Ta ce in samo mata jar dawar nan mai ƙananan ƙwaya da marigayi Baba ke shukawa a gefen gona, da ita take son dama wa mai jego kunun kanwa. Na shiga shago, buhuna sun kai rufi, babu ita. Na zagaya wajen maƙwabta, babu. Na buga wa ƙanena waya a ƙauye, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ai kai ka hana mu. Duk kaka sai ka ce a aiko fara, manyan ƙwaya, launi ɗaya, kada a gauraya." Damin ƙarshe an cinye shi shekara uku da suka wuce, ko zangarniya ɗaya ba a rage ba.

Tun ranar abin ke cina. Mu da muke zaune a kurmi muna aika oda ta waya, anya ba mu ne ke yanke wa manomi abin da zai shuka ba? Na biyu, wanda ya san inda ake samun irin wannan dawar ya taimaka min.

Maman_Ilham_Agege:
Barka da arziki Alhaji, Allah ya raya. Ni mai fura ce, don haka na san zancen nan a hannuna. Furar maiwa daban, ta gero daban, ta dauro daban, ko ido a rufe zan gaya maka. Yau in na je sayen gero, gero kawai ake ce min, ba a ma san sunansa ba. Amma ka ce mai saye ma da laifinsa. In na ƙara ko naira hamsin a kan dunƙule don na yi da maiwa, sai a wuce wajen maƙwabciyata.

Sani_Marwa:
Ku yi haƙuri manya, wannan zancen wanda ya ƙoshi ne. Ni na yi noma da hannuna kafin in zo nan in kama tuƙin keke. Dawar kakanni wata biyar zuwa shida take yi a gona. In ruwa ya ɗauke da wuri ka tashi da kara kawai. Geron Sosat kuwa cikin wata uku ka kai gida, yara sun ci. Wanda ke da buhu biyar a rumbu ba ya tuna ƙamshin kunu, lissafin watan da zai kai yake yi. In kuna son jar dawa ku biya kuɗinta, za a noma muku.

Baba_Mai_Goro:
Yaro bai yi ƙarya ba. Amma Sani, mu da muka ga farin 1973 da na 1984, gonar da aka shuka abu huɗu ko biyar ita ta ba mutane abin sawa a baka. Gero ya ƙone, wake ya tsira. Dawa ta ƙi, gurjiya ta yi. Iyayenmu ba don ado suke gauraya ba.

Malamin_Gona:
Allah ya ƙara girma Baba. Bari in shiga tsakani, don a Samaru ta Zariya, cibiyar binciken noma, na yi karatu ko da yake yanzu wani aikin ya riƙe ni a Apapa. Abin da Sani ya faɗa gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a jefar da iri mai saurin nuna. Abin da ake mantawa shi ne daga ina aka samo shi. Masu bincike ba sa ƙirƙirar iri daga iska. Suna ɗaukar na manoma ne, wannan mai jure fari, wancan mai jure wuta-wuta, su haɗa su, su yi ta zaɓe shekara da shekaru. Ranar da na manoma ya ƙare, su ma kayan aikinsu ya ƙare.

Kuma tsohon iri ba wauta ce ta sa yake jinkiri ba. Dawar gida da wake irin su kanannado tsawon yini suke bi. Ko ka shuka da wuri ko a makare, ba za su yi fure ba sai rana ta fara gajarta, wato daidai ƙarshen damina a yankin da suka saba. Shi ya sa ƙwayar ke nuna cikin bushewar iska, ba ta yin fumfuna. Mai saurin nuna kuwa, in damina ta yi tsawo, yakan nuna ruwa na dukansa, ga tsuntsu ya taru a kansa shi kaɗai don babu abin da ya nuna a gonakin maƙwabta. Kowanne da shekarar da yake cin riba.

Misalin da ya kamata kowane Bakano ya riƙe shi ne 1975. Cutar nan da ke nannaɗe ganyen gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta share gonakin gyaɗa a Arewa, a bayan fari kuma. Noman gyaɗar fitarwa bai sake komawa yadda yake a zamanin dalar gyaɗa ba. Masu jure cutar kuwa, cikin tsofaffin irin manoman Afirka ta Yamma aka samo su.

Hajjo_Obalende:
Malam ya ambaci kanannado sai da na ji yunwa. Alhaji Dillali, ku fa kuka koya wa mutane wake biyu kawai ake da su a duniya, fari da ja.

Dillalin_Iddo:
Hajiya na amsa laifina tun a sama. Amma ki tambayi mai ƙosai ko mai alale a Mushin. So take in ta jiƙa wake ya jiƙu lokaci ɗaya, ɓawon ya fita lokaci ɗaya. In ka kawo mata buhu mai gauraye, gobe ba za ta zo wajenka ba. Su kuma Yarbawa oloyin suka sani, ja mai zaƙi. Derika ɗaya, wato gwangwanin awo, mace za ta saya amma sai ta juya shi a tafin hannu ta ga ko akwai baƙo a ciki.

Bagobiri_Alaba_Rago:
Wanga zance kun bar rabi nai. Ku masu hatsi ƙwaya kaɗai kuke kallo, mu masu dabba kara da harawa muke kallo. Kanannado yaɗo yake yi ya rufe ƙasa, bayan an tsince wake sai a naɗe harawa a ɗora bisa itace. Ragon layya da kuke zuwa saye wurinmu, me kuke tsammani ya ci? Ɗan'ila ya fi shi saurin ba da ƙwaya amma harawarsa ba ta kai ba, shi ya sa manomi mai hankali ke shuka duka biyun. Haka gajeriyar dawa. Ta yi tsaba, to ina karan danni, ina na rufi, ina na shanu da rani? Sani bai sa wannan cikin lissafinsa ba.

Sannan akwai karan dafi, dawar da ba don ci ake shuka ta ba. Dukawa ke rina jar fata da ita. A nan Ikko kuna ganinta ɗaure-ɗaure a kasuwa, Yarbawa na ce mata poroporo, mutanen Gana na dafa shinkafa da wake da ita. Wa zai ba ka ingantaccen irin wannan a kanti? In gida uku da ke shuka ta a gari suka daina, ta tafi ke nan.

Sani_Marwa:
Na yarda da batun harawa Alhaji. Mu ma muna sayarwa, wata shekarar ma kuɗinta ya fi na waken.

Ɗan_Lambu_Ojo:
Ku kuna maganar gida, ni ga ni ina noma a nan Legas, ta wajen Iyana-Iba. Kadada ba ni da ita, fangali ne 'yan kaɗan a filin aro. Latas da albasa mai ganye da alayyafo da lalo, wanda su ke ce wa ewedu. Irin latas saye nake yi a gwangwani. Amma alayyafo da lalo da yakuwa da kuɓewa nawa ne, daga hannun innata na zo da su shekara 9 ke nan. Kowane zagaye ina barin layi ɗaya ya tsufa ya yi 'ya'ya.

Matsalata biyu. Ta farko laima. A gida ka rataye kuɓewa a ɗakin girki hayaƙi ya tsare maka ita har shekara. A nan ka bar iri a leda wata uku sai ka tarar ya yi gashi. Yanzu sai ya bushe ƙarau, in gauraya shi da toka, in dura a kwalba mai murfi in toshe bakin. Irin albasa kuwa ko me ka yi masa ba ya son ya kwana biyu, shekara ɗaya ƙarfinsa ya tafi. Kafin in shuka kowane iri nakan ƙirga ƙwaya ashirin in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana biyar ko bakwai in ga nawa suka tsiro. Ta biyu, filin ba nawa ba ne. Sau biyu ina wayar gari in ga katafila a kan fangalina, layin iri da komai. Shi ya sa yanzu nake raba wa abokaina biyu, ɗaya a Agege ɗaya ta wajen Badagiri.

Maman_Ilham_Agege:
Ɗan Lambu don Allah ka ɗan sam min na yakuwa, ina da bokitai a bayan ɗaki. Ja ce ko fara?

Ɗan_Lambu_Ojo:
Duka biyun Hajiya. Fara ta miya, ja ta zoɓo. Ba a sayar da iri a gidanmu, ki aiko yaro kawai.

Gaskiya_Ɗaci:
Duk kuna kewaye-kewaye. Turawa ne suka kawo irin da ba ya tsirowa karo na biyu don mu zama bayinsu. Ni na gwada, na matse tumatir na kanti na shanya na shuka, abin da ya fito abin dariya. Wannan waken na zamani ma da masara da aka shigo da su duk makirci ne.

Malamin_Gona:
Malam Gaskiya, abu uku ka haɗa a tukunya ɗaya. Na farko akwai ingantaccen iri na zaɓe, kamar Sosat ɗin Sani ko shinkafar Faro 44. Wannan kana iya ajiye shi ka sake shukawa. Na biyu akwai iri mai aure, wanda aka haɗa uwa daban uba daban. Shi ne tumatir ɗinka. Ya tsiro ai, ba ƙin tsirowa ya yi ba, jikoki ne suka rarrabu, wani ya ɗauko kaka ta wajen uwa wani ta wajen uba, shi ya sa ka ga dogo da gajere da mai tsami. Babu wani asiri a ciki, amma gaskiya ne yana ɗaure ka da mai kanti duk shekara. Na uku shi ne wanda aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar waken SAMPEA 20-T da cibiyar Samaru ta fitar a 2019 don tsutsar da ke huda kwanson wake, da masarar TELA da aka amince da ita a 2024. A kan wannan na ukun mutane na da ra'ayi mabambanta, kuma kowa na da 'yancin ya ƙi ko ya karɓa. Sai dai jar dawar Alhaji ba shi ya kashe ta ba. Waya ce daga Iddo.

Gaskiya_Ɗaci:
To dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri da aka sa wa hannu a 2021 fa? Wa take karewa, kakata ko kamfani?

Malamin_Gona:
Wannan tambayar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. An yi dokar ne don mai fitar da sabon iri. Irin kakarka ba sabo ba ne, kuma ba ƙwaya ɗaya tak ba ce mai kama ɗaya, don haka ba ita aka yi wa rigar ba. Ni ma abin na damuna.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a sassauta. Alhaji dawa yake nema, mai jego na jiran kunu.

Ya_Falmata_Idi_Araba:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Ku kasuwa ce ta raba ku da irinku, mu gudu ne. A wajenmu a Barno akwai masakwa. Ba da damina take yi ba. Ana yafa ta a yi reno, in ruwa ya janye daga baƙar ƙasar firki sai a dasa, ba a ba ta ko ɗigo, da laimar ƙasa take rayuwa har a yanke cikin sanyi. Kowane gida da kalar tasa, fara, ja, rawaya. Daren da muka bar gari, mahaifiyata ba ta ɗauki zinarinta ba, zangarniya huɗu ta ƙulle a bakin zane. Mun yi mata faɗa a hanya. A sansani babu firki, babu ma fili, kuma inda aka samu fili kusa da gari an hana shuka abu mai tsayi saboda tsaro. Shekara biyu tana duba ƙullin nan. A ta uku ta ba wani ɗan uwanmu da ya samu komawa, rabi ne ya tsiro. Daga rabin nan ne gida shida ke shukawa yanzu. Ita ba ta ga kakar ba.

Hajjo_Obalende:
Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Wallahi sai da na yi hawaye.

Baba_Mai_Goro:
Allah ya gafarta mata 'yata. A da in aka ce wane ya ci irinsa, an gama faɗin talaucinsa. Yanzu a Zamfara da Katsina ba ci ake yi ba, rumbun ake ƙonawa da irin a ciki.

Ummi_Yaba:
Ni ɗaliba ce, tambaya nake da ita. Na ji an ce akwai inda ake ajiye iri a firiza. In haka ne me ya sa muke damuwa? Ba sai a je a karɓo ba?

Malamin_Gona:
Akwai Ummi, kuma ba nisa da mu. Cibiyar IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ita ke riƙe da tarin irin wake mafi girma a duniya, sama da kala 15,000, ga gurjiya da doya da rogo. A Ibadan ɗin dai akwai cibiyar adana iri ta NACGRAB ta gwamnatin tarayya tun 1987. Dawa da gero kuwa sai Samaru, da cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da ICRISAT mai reshe a Kano da kuma kusa da Yamai. Can a tsibirin Svalbard na ƙasar Norway an haƙa rumbu cikin wani dutse mai tsananin sanyi, aka buɗe shi a 2008, ana ajiye kwafin irin duniya a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Ya ma yi rana, don da yaƙi ya ci Halab a Siriya, masu rumbun iri na can sun je sun karɓo nasu a 2015.

Amma kada ki ɗauka magana ta ƙare. Abin da ke firiza ɗan cikin cokali ne, kuma sai wanda wani ya taɓa zuwa ƙauyen ya ɗebo. Yana nan yadda aka ɗauke shi, alhali damina na canzawa. Wanda ke gona kuwa duk shekara manomi na zaɓar zangarniyar da ta fi jurewa, irin na tafiya da zamani. Sannan firiza ba ta san cewa wannan dawar ta kunun mai jego ce ba, ko a wane gefen gona take so. Wannan yana kan Hajiyar Alhaji ne.

Ɗan_Filato_Mile12:
Ni ina ganin mafitar a hannun Alhaji take, tunda ya ce waya ce ta kashe, waya za ta raya. Ku dubi shinkafar ofada. Gajera ce, ga wari, da can ga tsakuwa. Yarbawa suka ƙi jin kunyarta, suka zuba ta a ganye a wajen biki, yau ta fi 'yar waje daraja a faranti. Mu kuwa jar shinkafarmu ta fadamun Sakkwato da Kabi, in baƙo ya zo ɓoye ta ake yi. Alhali ita ce asalin shinkafar Afirka, da ita aka haɗa ta Asiya aka samu Nerika. Acca ma haka. Da muna yara a Filato abincin talaka ce, mata na shan wahalar surfe da rairaye yashi. Yau ku shiga manyan kantunan Ikeja da Lekki ku gan ta a ƙulle a leda mai hoto, ku tambayi kuɗin. Tun da aka samu masu saye, mutanenmu suka koma mata. Iburu da tamba ne har yanzu ba su samu mai tallata su ba.

Sani_Marwa:
To ai abin da na faɗa tun farko ke nan. Ku biya.

Bagobiri_Alaba_Rago:
Amma a yi hattara. Ranar da Legas ta so acca, acca kala ɗaya za ta so, fara mai kyan gani. Sauran kalolin su bi jar dawa. Kasuwa ba ta iya son abu goma lokaci guda ba.

Ɗan_Filato_Mile12:
Wannan ma gaskiya ne. Mun gani a tumatir. Kowa ya koma mai tauri da ke jure kwana biyu a mota zuwa Mile 12, ɗan ƙaramin nan mai tsami na bayan gida ya ɓace. Ko da yake a 2016 da tsutsar sharon ta zo ba ta bar kowanne ba, kwando ya zama abin kallo.

Hajjo_Obalende:
Tun da ana lissafi, ina tumuku? Ina rizga? Ina gasaya? 'Ya'yana an haife su a nan, na ce musu tumuku suka ɗauka sunan mutum ne.

Dillalin_Iddo:
Jama'a na gode, ga inda aka kwana. Na karanta wa Hajiya maganar Ya Falmata, ta yi shiru, can sai ta ce ai lokacin da aka kai Gwaggo ɗakin miji ta wajen Kazaure, Baba ya sa mata zangarniyar dawar nan a cikin kaya. Shekara fiye da talatin ke nan. Na nemo lambar ɗanta. Tana nan da ita, layi biyu take sa jikokinta su shuka mata a gayaunarta duk shekara. Na ce a auno min tiya biyu a ba direba. Ta karɓi wayar ta ce tiya ɗaya za ta bayar don mai jego, amma na iri ba za ta aiko Legas ba, wai mu ci kawai muka iya. Ƙanena ne zai je da kansa ya karɓa kafin damina.

Malam, tambaya: in ya shuka ta kusa da farar, ba za su gauraya ba?

Malamin_Gona:
Dawa galibi kanta take yi wa barbara, amma iska kan ɗan kai garin fure maƙwabta. Ya ba ta gefe guda, kuma ya zaɓi na iri daga tsakiyar layukan, tun tana tsaye a gona kafin a yanke, ba daga masussuka ba. Ya ɗebi zangarniya da yawa, kada ya ce ɗaya mafi girma ta isa. Da gero ne ko masara da sai an nisanta sosai, su ba su da kunya.

Sani_Marwa:
Alhaji, in ta ba shi buhu uku inda fara ke ba shi biyar, wa zai cike biyun?

Dillalin_Iddo:
Na ce masa duk abin da ta yi ni zan saya, kuma sama da kuɗin fara. Na bana dai. Na baɗi sai na ga ko akwai masu nema a nan, don ni ma haya nake biya.

Maman_Ilham_Agege:
Ka rubuta ni tiya biyar. In kuma ƙanen naka ya ci karo da maiwa a hanyar Kazaure, ya tuna da ni.

Hajjo_Obalende:
Har yanzu babu wanda ya amsa min batun tumuku.